Dila Guda a Katako: Inda Gwanjo Ke Kewayawa da Inda Yake Maƙalewa

Wata takarda ce ta jawo wannan nazari. Wata ƙungiya mai tallafa wa ƙananan masu sana'a ce ta raba ta a kasuwannin Yamai, shafi huɗu da Faransanci, don ta tantance waɗanda sana'arsu ke "ɗorewa" kafin ta zaɓi waɗanda za ta horar. Kawuna, wanda ya baro ƙauyenmu na Adar tun ina goye ya kafa rumfar gwanjo a gefen kasuwar Katako, ya aiko a kira ni in cika masa, tunda ni aka sa lakwal.

Na zauna a kan benci ina karantawa ina fassara masa. Kana da takardar shaidar inda aka saƙa kayanka? A'a. Kana rubuta yawan ruwa da wutar da kake sha a wata? A'a. Kana da rubutaccen tsari na kwashe shara? A'a. Kashi nawa cikin ɗari na hajarka aka yi da zaren da aka sake sarrafawa? Kawu ya dube ni, na dube shi. Da na haɗa makin, sai ga mutumin da bai taɓa sayar da sabuwar riga ko ɗaya ba a rayuwarsa ya faɗi jarrabawar sake amfani da tufafi.

"To ɗana," in ji shi, "in ni ban iya maida tsoho sabo ba, wa ya iya? Su taho su gwada mini."

Dariya muka yi, amma abin ya tsaya mini a rai. Sai na roƙe shi ya bar ni in bi dila guda, tun daga ranar da aka yanke mata ƙarfe har ƙyallenta na ƙarshe, in ga da idona inda kowace riga ke ƙarewa.

Tunanin da ya haifi irin wannan takarda ba na banza ba ne. Masu nazarin masana'antar tufafi na cewa an daɗe ana tafiya a kan miƙaƙƙiyar hanya: a noma auduga ko a haƙo man fetur, a saƙa, a ɗinka, a saka kwana kaɗan, a yar. Suna so a lanƙwasa hanyar ta zama kewaye, wato riga ta daɗe a jiki, in ta yage a gyara, in an gaji da ita a sayar wa wani, in ta mutu a yi wani abu da ita, sai a can ƙarshe a warware zarenta a sake saƙawa. Gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar da wani rahoto a 2017 da ya nuna yawan tufafin da ake ɗinkawa a duniya ya ninka tsakanin 2000 da 2015, kuma abin da ake mayarwa sabuwar tufa daga tsohuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Daga irin waɗannan alkaluma aka tsara ma'aunai. Matsalar ita ce an yanka su ne daidai jikin masana'anta da manyan kantuna, masu akawu da mita da hatimi. Rumfar kwano ba ta cikin lissafinsu.

Tafiyar dila

Kayan da ke cikin dila sun yi rayuwa guda a Turai, ko Amurka, ko Sin. An tattara su, an ware su iri-iri, an danne su da inji sun zama dunƙule mai kilo 45 ko 55, an naɗe da leda an ɗaure da ƙarfe, an manna takardar da ke faɗin irin kayan da darajarsu. Kafin Yulin 2023 yawancinsu ta tashar jirgin ruwan Kwatano suke shigowa, su bi Paraku da Malanbil, su tsallaka gada zuwa Gaya, su biyo Doso har Yamai, tafiyar kilomita dubu da ɗan wani abu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe iyaka, kuma ko da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ta bar tata iyakar da Benin a rufe. Kaya suka koma biyowa ta Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori su faɗo Tera, manyan motoci a jere da rakiyar sojoji. Hanya ta yi tsawo, jira ya yi yawa, kuɗin dila ya tashi.

Wannan ya shafi nazarinmu kai tsaye. Da kuɗi ya hau, ƙaramin ɗan kasuwa irin Kawu ya sauko daga dila mai lamba ɗaya zuwa ta ƙasa da ita. Kuma sayen dila cinikin biri ne a sama: ba a buɗewa sai an biya, in an buɗe kuma ba a mayarwa.

Wadda na bi ta rigunan maza da mata ce a gauraye. Bayan sallar asuba aka ja ta tsakiyar rumfa, ƴan sari sun riga sun yi da'ira, kowa ya naɗe hannun riga. Kawu ya yi bisimilla ya datse ƙarfen, dila ta yi numfashi ta kumbura, warin nan na maganin da ake fesa wa gwanjo ya cika wurin. Cikin abin da bai kai sa'a guda ba kayan sun rabu tsibi huɗu, ba tare da wani ya ba da umarni ba. Hannu ne ke yin hukunci: a ɗaga riga, a duba wuya da hammata, a ja ɗinki, a jefa.

Tsibi na farko, kan dila, bai ma taɓa ƙasa ba. Samari masu ƙananan kantuna da matan da ke talla ta WhatsApp suka wawashe shi. Za su wanke, su goge, su rataya, su sayar wa ma'aikata da ɗaliban jami'a. Daga nan Kawu ke fitar da mafi yawan uwar kuɗinsa. Na biyu shi ne hajar rumfa ta yau da kullum, abin da ya yi kwantai kuma a ɗaure shi a buhu a aika gida, ya zaga kasuwannin ƙauye na wajen Tawa, Badagishiri da Keita da Buza. Waɗannan biyun ba su da wani labari mai tsawo, riga ce ta samu sabon mai ita.

Keken Malam

Tsibi na uku ne ya fi ɗaukar hankalina, don a nan ne aikin da takardar ke nema yake gudana ba tare da suna ba. Kaya ne masu aibi: zif ya mutu, maɓalli ya ɓace, hannu ya yage, tabo a gaba, ko kuma girman ya wuce na kowa, irin rigunan nan na Amurka da mutum biyu za su shiga. Duk ana tura su rumfar da ke maƙwabtaka, wurin wani dattijon tela da kowa ke kira Malam, mai keken ƙafa Butterfly da ya girme ni.

Na yi kwanaki ina zama kusa da shi. Malam ba ya fara yanka sai ya juya riga ciki waje ya karanta ɗinkinta, kamar mai duba haƙoran rago. Ƙatuwar riga ɗaya ya fitar da ta yaro da ɗan wando daga cikinta. Wandon jins da gwiwarsa ta ci, ya datse shi ya zama gajere, ƙafafun da suka rage ya haɗa su ya yi jakar lakwal, ya sa mata zif ɗin da ya ciro daga wata rigar sanyi da ba ta gyaruwa. Rigar da tabo ya ɓata a ƙirji ya ɗora mata aljihu a kan tabon. Wuyan da ya sule ya farke shi ya juya bayansa ya mayar. A ƙarƙashin kekensa akwai gwangwanayen madara cike da maɓallai, an ware su da launi, da wani na zif, da wani na roba mai talewa ta ƙugun wando. Bai tuna ranar da ya sayi sabon maɓalli ba.

"Malam, wannan fa?" na tambaye shi, ina nuna tarin ƙyallayen da ke zuba gefen ƙafarsa.

"Yaro, wannan ai kuɗi ne kwance."

Haka ne kuwa. Manyan ƙyallaye na auduga masu gareji da masu wankin mota ke saye, don suna shan mai da ruwa. Matsakaita wata mata ke zuwa ɗauka duk mako, tana harhaɗa su tana ɗinka shimfiɗar jarirai da murfin kwano. Dogaye sirara ana tufka su a yi igiyar ɗaure akuya, ko a naɗa gammo. Ƙananan da suka yi kamar ganye mai katifa da matashi ke auna su a buhu. Rigunan sanyi masu nauyi kuwa ba a taɓa su, ana ajiyewa sai hunturu ya kama a Disamba, masu gadi da ƴan kabu-kabu su zo nema da kansu.

Ana yawan kawo lissafin cewa rigar auduga guda, irin mai gajeren hannu, tana cin ruwa kusan lita 2,700 daga gona zuwa kanti. An riga an sha wannan ruwa a wata ƙasa, a Indiya ko Pakistan ko wani wuri, ba mai dawo da shi. Abin da ya rage kawai shi ne riga ta yi shekarun da za su biya shi. In da wannan za a auna, keken Malam da ba ya shan wuta ya fi injuna da yawa aiki. Amma babu layi ko ɗaya a shafuka huɗun nan da ya tambayi riga nawa aka ceto, ko hannu nawa ƙyalle ya bi kafin ya mutu.

Tsibi na huɗu

A nan labarin ya juya. Bayan kowa ya ɗauki nasa, akwai tarin da ya rage a ƙasa, ba wanda ya ko taya. Riguna ne sirara masu sheƙi, sun saki, wasu an buga musu rubutun wani taro ko wata tsere da aka yi a wani gari, wasu ƙananan kayan mata da ba mai iya fita da su a nan. Da yawansu ba su tsufa ba, an dai yi su ne don kada su daɗe.

Malam ya nuna mini yadda ake gane su. Ya zare zare ɗaya daga wata tsohuwar riga ya kusanta shi da ashana: ya ci da wuta, ya yi warin takarda, ya bar toka mai laushi. Auduga ke nan. Ya zare wani daga tsibi na huɗu: ya nannaɗe, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar ɗan dunƙule mai tauri kamar tsakiya. "Roba ce," in ji shi. "Leda ce aka saƙa."

Gaskiya ya faɗa. Poliyesta daga man fetur ake yin ta, kuma yau ta haura rabin dukan zaren da ake samarwa a duniya. Duk hanyoyin da na lissafa a sama an gina su ne a kan auduga, da aka zo kan roba sai suka toshe ɗaya bayan ɗaya. Mai gareji ba ya so, don ba ta shan mai, shafa shi take yi. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Yamai ke wuce digiri 40, ba mai sa ta ya kai azahar. In allura ta huda ta sai ta yi ta zarewa. Mai katifa na karɓar kaɗan ya gauraya, in ta yi yawa masu saye su yi ƙorafin zafi. Tsumman auduga in ya faɗi a juji, damina biyu ya zama ƙasa. Wannan kuwa, in ji Kawu, "ko gara ba ta cin shi."

Na bi tarin. An zuba shi a tabarma ana kiran dala ashirin-ashirin, aka sayi kaɗan. Sauran ya kwana biyu a bayan rumfa. Wani kaso yaran shago suka haɗa da kwali da leda suka cinna masa wuta da magariba, hayaƙin ya bi ta kan masu tuwo-tuwo. Wani kason ya bi amalanken shara zuwa juji, inda awaki da shanu ke kiwo, kuma duk mahaucin da ka tambaya zai gaya maka abin da yake tararwa a tumbin dabbar gari. Abin da iska ta kwasa ya faɗa lambatu. Lambatun wannan yanki kuwa gangarawa suke zuwa kwarin Gunti Yena, shi kuma ya zuba a kogin Isa. Ba zan ce tsumma ne ya kawo ambaliyar 2020 ko ta 2024 ba, ruwan ya fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba. Amma duk wanda ya ga ana yashe magudanar ruwa kafin damina ya san abin da ake zaƙulowa: leda, yashi, da tufafi a murɗe kamar igiya.

Wanda ke son ganin inda wannan hanya ke kaiwa ya dubi kasuwar gwanjo ta Kantamanto a Akara, babban birnin Ghana. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na fita a matsayin shara, har suna taruwa a bakin teku. A farkon Janairun 2025 gobara ta cinye babban ɓangaren kasuwar. A dilar da na bi, tsibi na huɗu bai kai haka ba, don bayan Yamai akwai ƙauyuka masu karɓar abin da birni ya ƙi, talauci kuma ba ya barin a yar da abu da wuri. Sai dai Kawu ya ce shekarun baya abin da ke ragewa bai fi a cika kwando ba, yanzu kuwa buhu ake nema.

Akwai kuma wuraren da Kawu ya faɗi da gaske, ba laifin takarda ba. Ruwan wanki mai omo da jabel a titi ake watsa shi. Guga da gawayi ake yi, gawayin kuma itace ne a ƙasar da hamada ke ci. Yaran da ke ɗaukar kaya da warewa suna shaƙar ƙura da magani ba abin rufe hanci, abin da ake ba su kuma bai taka kara ya karya ba. Na faɗa masa, bai ji daɗi ba, bai kuma musa ba.

Wa zai biya?

Wani zai ce a hana shigo da gwanjo kawai a huta, a farfaɗo da namu. Ina jin zafin da ke bayan maganar. Yamai ta taɓa samun masaƙar zamani, Sonitextil, wadda daga baya ta koma Enitex, kuma iyayenmu mata sun ɗaura atamfarta. An noma auduga a Gaya da wajen Madawa. Masaƙan tera-tera da sakala na nan, amma sun koma kayan biki da na baje koli, irin wanda ake gani a SAFEM, bajen kolin sana'ar hannu ta mata, a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, ko a bikin nuna tufafi na FIMA da mai tsara tufafi Alphadi ya fara a 1998 a hamadar Tigidit. Sai dai ba gwanjo kaɗai ya durƙusar da saƙar gida ba, akwai atamfa mai araha daga Sin da tsadar wuta. Burkina Faso ta iya ɗaga saƙinta na gida, Faso Dan Fani, ne don tana da auduga mai yawa da dubban mata masu saƙa. Ruwanda ta ƙara harajin gwanjo a 2016 daga santi 20 zuwa dala 2.50 ta Amurka a kan kilo, Amurka kuwa ta rama a 2018 ta dakatar da rangwamen AGOA, wato damar shigar da kaya Amurka ba haraji, a kan tufafin Ruwanda. Najeriya ta haramta shigo da gwanjo tun tuni, amma duk ɗan Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya san inda diloli da yawa ke kwana. A ganina, hani a ƙasar da ba ta da masaƙar da za ta tufatar da mutanenta ba zai haifar da komai ba sai fasa-ƙwauri da tsada a kan talaka.

Tambayar da ta fi dacewa ita ce ta kuɗin tsibi na huɗu. A Faransa, doka ta ɗora wa masu sayar da sababbin tufafi biyan wani ɗan kuɗi a kan kowace riga, wata hukuma mai suna Refashion na tattarawa don a biya aikin tarawa da warewa. Tun ƙarshen 2023 ma har tallafin gyara ake bayarwa, daga yuro 6 zuwa 25, ga wanda ya kai tufarsa ko takalminsa wurin mai gyara. Yuro 6 ya kusa jika huɗu. Da na gaya wa Malam sai ya tsayar da keke ya ce, "A biya mutum don ya kai rigarsa gyara? Allah mai iko." Daga 1 ga Janairun 2025 kuma ƙasashen Tarayyar Turai suka shiga wajibcin tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara, abin da ke nufin za a samu ƙarin kayan da ke neman mafita. Rigar na tsallaka teku ta zo Katako, kuɗin da aka karɓa don ƙarshenta kuwa yana tsayawa can. Masu fafutuka a Ghana sun daɗe suna neman kuɗin ya biyo rigar. A yanzu dai wanda ke biya shi ne Kawu da ya sayi shara da kuɗin haja, da mai tuwo-tuwon da ke shan hayaƙi, da ma'aikatan da ke shiga lambatu da shebur.

Abin da muka iya yi a rumfa kaɗan ne. Mun aro sikelin mai albasa, na saya wa Kawu littafi mai layi. Duk dilar da aka buɗe yanzu, babban yaronsa na rubuta alamar kamfanin da ke jikinta da nauyin kowane tsibi. Ba a daɗe ba ya fara ganin abin da da yake ji a jikinsa kawai: akwai alamar da tsibinta na huɗu ke yin nauyi kullum, ya daina sayenta, ya kuma gaya wa maƙwabta. Yara sun samu ƙyallen rufe hanci, Malam ne ya ɗinka daga tsibi na uku. Ruwan wanki an haƙa masa rami. Ni kuma na mayar wa ƙungiyar takardarta da shafi na biyar da na rubuta da hannu, na ce in za su sake zagayowa su tambayi nauyin abin da ya shigo, da na abin da aka sayar yadda yake, da na wanda aka gyara, da na wanda aka juya ya zama wani abu, da na wanda ya rage da inda aka kai shi. Matar da ta karɓa ta karanta, ta ce za ta nuna wa manyanta.

Ƙonawa kuma Kawu ya yarda a daina, bayan doguwar gardama. Ana cusa ragowar a buhu ana jingine wa a bayan rumfa. Ranar da na koma na ƙarshe buhu uku ne, an ɗora musu tsohon kwano saboda hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Ya kama hannuna ya kai ni wurin, ya buga ɗaya da ƙafa.

"Ka ce kar a ƙone, ba mu ƙone ba. To ɗana, ina za mu kai su?"